Kaburbura Biyu a Bayan Rumbu

Ɗan acaɓa ya rage gudu inda hanya ta rabu biyu bayan garin Babban Mutum, yana neman wanda zai tambaya. Dakta Haulatu ta ce ya bi hagu, ta gefen kukar da aradu ta tsaga. Ya bi. Amma da suka iso shingen ƙaya ya sauke ta ya juya, ko ruwa bai tsaya nema ba.

Mutanen yankin suna kiransu 'Yan Jira. Tun zamanin marigayi Malam Nu'uman suka killace kansu a wannan tunga ta bakin iyaka, wai duniyar waje ta riga ta mutu, busa ƙaho kaɗai ya rage. Ba kasuwa, ba asibiti, ba waya.

Farfesa Lawal, wanda ya koyar da ita nazarin zamantakewa, ya yi furfura yana bin sababbin ƙungiyoyin addini daga Daura har cikin Nijar, waɗannan kaɗai suka gagare shi. Da ta ce za ta je, sai da ya maimaita mata dokokin aikin: kada ta kira su ɓatattu, kada ta yi musu, kada ta yi ƙoƙarin fitar da kowa. Ya kuma tuna mata da mutumin da ya bar su, ya koma ɗauko matarsa, aka tsinci gawarsa a kwazazzabo. Har yau ba wanda ya ce ya ga komai.

Malam Sada, magajin Malam Nu'uman, shi ya tare ta a bakin shinge.

"Sannu da jira," in ji shi, yana kallon niƙabinta.

"Muna bakin ƙofa," ta amsa.

Ya ƙura mata ido. Baƙi ba su san wannan amsar ba. Ta ce a wajen wani tsohon makiyayi ta ji. Ya yarda ta gana da mace guda, mafi daɗewa a cikinsu, shi kuma zai zauna a inuwar rumbu inda zai riƙa hango su.

Ta sunkuya tun kafin ta kai ga gajeriyar ƙofar ɗakin matar. Gwaggo Kulu na zaune a kan tabarma, yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu. Haulatu ta kunna rikoda ta fara da tambayoyin da aka saba. Yaushe suka zo? Me suka baro? Tsohuwar tana amsawa a daƙile, kanta a karkace wajen da muryar ke fitowa.

Da aka zo kan 'ya'ya, ta ce biyu Allah ya ba ta, duka mata, duka sun tafi a shekarar sanƙarau. Ƙaramar, Maijidda, wuyanta ya sandare, tana ta kiran ruwa. Malam Nu'uman ya ce a yi mata tofi a jira. Babbar kuwa ba ta faɗi sunanta ba, don uwa ba ta kama sunan 'yar fari.

"Ita kafiya gare ta," in ji Gwaggo Kulu. "Ta goya ƙanwarta ta nufi asibitin Baure da ƙafa. A hanya mazanmu suka karɓo gawar. Rana ɗaya aka yi musu salla."

Sannan Haulatu ta karya doka ta uku. Ta ce wannan yanar aikin safiya guda ne a Katsina, za ta zo da mota, ba wanda zai sani.

"In buɗe ido in ga me?" in ji tsohuwar. "Wanda ya ƙetare shingen nan gawa ne."

Ta miƙa hannu a tashe ta, ta ce za ta nuna wa baƙuwa makwancin yaran. A bayan rumbu suke, tudu biyu da ruwan sama ya kusa shafewa. Malam Sada ya miƙe daga inda yake, ya fara takowa a hankali, idonsa a kan tafiyar baƙuwar.

Yatsun tsohuwar suka matse wuyan hannun Haulatu har ƙashi.

"Ya iso?"

"Bai iso ba, Gwaggo."

"To bi ta bayan turken awaki ki wuce, kada ki waiga, kada ki sake zuwa. Na dama na Maijidda ne." Muryarta ta koma raɗa. "Na hagu ni na zuba masa ƙasa da hannuna, ba komai a ciki sai zanenki."