Gindin Kukar Kufanmu

Ni ne sakaran labarin, ina aji huɗu ina ganin na ƙure boko. Malaminmu Bayahude ne, yaƙi ya shafe garin kakanninsa a Turai. Ya roƙi Kaka ya nuna masa yadda muke gane namu kufan. Muka hau kwalekwale har bayan Auyo. Kaka ya nuna wata kuka da tsingaron tukwane kewaye da ita, ya ce nan aka haifi ubansa. Ni kuwa fitsari ya matse ni, na zagaya gindin kukar. Har yau kunnen da Kaka ya murɗe mini bai koma daidai ba.

"Ɗan banza," in ji Kaka yana huci. "Wannan bawan Allah ko kango bai samu ba. Kai ka samu naka, ka mai da shi masai."