Bajon Ɗakin Hoto

Mai ɗaukar hoton ƙashi ya dire takardar gwajin jininsa a kan teburin yayansa, jami'in da ke kula da lafiyar ma'aikatan asibitin.

"Karanta, Yaya. Likita ya ce hasken na'ura ya cinye mini ɓargo. Dasashina jini yake yi, gashina yana zuba. Shekara goma sha tara ina maƙala bajon auna haske a ƙirjina, duk wata kana karɓa ka aika a duba, ka dawo ka ce mini lafiya lau. To wa ya yi ƙarya?"

Yayan ya karanta takardar har ƙarshe. Can ya jawo durowar ƙasa. Cike take da bajoji, kowanne da sunan ƙanen a jiki.

"Tun a shekara ta uku awonka ya haura ƙa'ida, bangon ɗakin hoton yana yoyon haske. Daga nan na riƙa aika sabo a madadin naka."

Ƙanen ya ja kujera ya zauna. Duk da haka zuciyarsa ta shiga nema wa ɗan'uwansa uzuri.

"Don kada in rasa aiki ka yi, ko? Ka tuna da yarana."

Hawaye ya gangaro wa yayan har gemu.

"Ina ma haka ne, ƙanena. Mu biyu kaɗai muka iya na'urar nan. Da an cire ka, ni za a mayar ɗakin."