Lahadin Jibi

Ranar Litinin Irmiya yake hutu, kuma a Argungu yake kashe ta. Yakan sa tsohuwar riga, ya shiga motar haya daga Birnin Kebbi, ya ce wa matarsa Lai'atu kifi zai sayo. Kifin kuwa yana sayowa, don Irmiya ba maƙaryaci ba ne. Abin da dai yake bari a cikinsa ya fi wanda yake faɗa yawa.

A bakin gulbi akwai wani masunci, Maigandi, wanda bai san komai a kansa ba sai cewa Kirista ne, mutumin Zuru, mai yawan shiru. Abin da ya sa Irmiya yake son wurin ke nan. Sai ya zauna a bakin kwalekwale yana kallon Maigandi na ɗinkin taru. In azahar ta yi, masuncin ya yi alwala da ruwan gulbi ya ta da salla a kan yashi, sai Irmiya ya kau da kai. Ba ƙi ba ne. Ƙyashi ne, irin na mai jin yunwa da ya tarar ana cin tuwo.

Bangaskiyarsa ce ta tafi, kuma abin haushin, babu wani abu da ya faru. Ba a yi masa rasuwa ba, ba wanda ya cuce shi. Da akwai dalili, da ya san wanda zai riƙe. Haka kawai ta riƙa tsiyayewa kamar ruwa a fasasshen tulu, har wata safiya ya durƙusa zai yi addu'a, ya ji shi kaɗai ne a ɗakin.

Duk da haka bai taɓa fashin sujada a coci ba. Bakinsa ya san waƙoƙin, yana yin su ba tare da shi ba. Wani lokaci in zumuntar mata suka ɗauki waƙa, yakan ji muryar marigayiya mahaifiyarsa a cikinsu, ita da ta raka shi rafi ranar da aka yi masa baftisma. Sai ya bi fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya, har waƙar ta ƙare.

Wannan Litinin ɗin ta fi saura nauyi, domin Lahadi mai zuwa ranar Jibin Ubangiji ce, ranar da ake zagaya da gurasa da ƙoƙo. Wanda ya san zuciyarsa ba daidai take ba, yakan sunkuyar da kai tire ya wuce shi, ba mai tambayarsa. Irmiya ya haddace gargaɗin da ake karantawa kafin a ci, cewa mai ci da zuciyar da ba ta cancanta ba hukunci yake jawo wa kansa. Abin dariya, ya daina gaskata alkawuran, amma gargaɗin nan bai sake shi ba. Ya daɗe yana ci a haka. A jibin da ya wuce ƙoƙon ya karkace masa har ya ɗiga a farin ƙyalle, wani dattijo ya ce zazzaɓi ne.

Ranar ya buɗe baki ya zayyana wa Maigandi damuwarsa. Masuncin bai daina ɗinki ba sai da ya ji ƙarshe.

"Mu nan, in mutum yaj ji haka ga zuciyatai, malami yaka nema," in ji Maigandi. "Ku ba ku da liman?"

"Muna da shi."

"To tai ka hwaɗa mishi abin da kah hwaɗa min. Aikinai na."

Irmiya ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na san mutumin. Ba shi da abin da zai ba ni."

"Kak ka yanke mishi hukunci, aboki. Ba ka shiga zuciyatai ba."

Irmiya ya biya kifinsa ya kama hanya.

Ranar Asabar ƙanshin gurasa ya cika gidan, don Lai'atu ce ke gasa ta jibin, kamar kullum. Ya tsaya a ƙofar kicin ya ce yana da magana. Ta ɗago da gari a hannunta tana murmushi, fuskar macen da ba ta taɓa shakkar Allah ko mijinta ba. Sai ya ji tausayinta ya kama shi, ya tambaye ta ko an goge masa riga.

Da ƙararrawar coci ta kaɗa a bakin tagarsa washegari da safe, ya riga ya yanke shawara. Yau ba zai ci ba, duk abin da zai faru ya faru.

Majami'a ta cika. A bencin baya akwai wani magidanci da dattawa suka sa a horo, wanda ba a yarda ya ci jibi ba. Irmiya ya daɗe yana kallonsa. Wannan ya san abin da ya yi, ya kuma san ranar da za a karɓe shi.

Aka gama waƙa. Dattawa suka matso suka yaye farin ƙyallen, kowa ya sunkuyar da kai. Irmiya ya haɗa hannuwansa ya damƙe, bai motsa ba.

Wani jariri ya yi kuka, uwarsa ta lallashe shi. Kawuna suka fara ɗagowa, na Lai'atu ne na farko. Ga gurasar a gaban Irmiya, ɗungum, ba a taɓa ta ba.

Babban dattijo ya matso kusa da kunnensa, ya yi ƙasa da murya.

"Fasto, jama'a suna jira. Ba mai ci sai ka sa albarka ka karya."