Haruffan Sun Yi Ƙanana

"Jahila! Shekara biyu a ajin manya, har yanzu kina tuntuɓe a layi ɗaya?" maƙwabcina ya daka wa matarsa tsawa a gaban baƙi. "Daga yau kin bar makarantar nan."

Kullum haka yake tozarta ta, yana yawo da biro uku a aljihu, yana gyara wa kowa magana. Na ji kamar in tofar da yawu.

Ta miƙa masa na'urar karatun. Littafin da 'yarsu ta rubuta ne a ciki. "To Malam, karanta mana mu ji yadda ake yi."

"Haruffan sun yi ƙanana."

Ta danna, suka girma.

"Ƙara."

Ta ƙara, ta mayar da su masu kauri, har ni da ke bakin ƙofa ina hango su.

Ya kai allon daf da hancinsa, gumi na tsiyaya. "Wannan Turanci ne mai zurfi, ya fi ƙarfin irinku."

Ta karɓi na'urar a hankali.

"Sunanka ne, Malam. Kai ta sadaukar wa littafin."