Silifas a Bakin Ƙofa

Ni fa ban ce ina so ba. Malama Hajara ce ta ga bakina ba ya rufuwa, ta ce tunda ina da murya, ni ne mai gadin ƙofa. In iska ta taso, in ƙirga 'yan ajinmu har su shige sabon gini, don bangon ajinmu a tsage yake.

Ran nan ana dab da tashi, hadari ya haɗo daga wajen Darki. Kwanon rufi ya fara ɗagawa yana komawa, ƙasa na zubo mana a ka. Malama ta ce, "Ku fita!"

To, mu a tabarma muke zama, takalma duk a bakin ƙofa. Kowa ya durƙusa yana neman nasa. Ƙofa ta toshe, na baya suna kuka. Ni mai gadin ma ina cikin masu lalube, don silifas ɗina na sallah ne.

Malama ta sa ƙafa ta watsar da takalman, ta dinga ingiza mu waje. Ba mu kai sabon ginin ba kwano ɗaya ya ɓalle, ya faɗo daidai inda na durƙusa. Yanzu leburancin gini nake, amma in iska ta taɓa kwano, wallahi sai na ɗaga kai na duba.

Ran nan da muka shiga sabon ginin na ce, "Malama, wari ɗaya fa ban gani ba, Baba zai yanka ni."

Ta ce, "Takalmi akwai a kasuwa ran Juma'a. Kai kuma a wane layi babanka zai sayo wani kamarka?"