Hannu Bisa Gwiwa

Abin da na fara gani shi ne ɗan yatsan Baba yana rarrafe a kan benci, yana neman na Inna. Ina shekara bakwai, a shagon wani mai hoto a bakin Kasuwar Kurmi. Inna ta sunkuyar da kai tana murmushi, lallenta jajawur. Ban taɓa ganin sun taɓa juna ba.

Mai hoton ya ɗago daga bayan kyamara ya daka tsawa: "Haba Malam! Hoton mutunci ake yi a nan. Kowa hannu bisa gwiwa, yatsu goma a waje!"

Baba, wanda ake gaisarwa a tsugune a unguwar Koki, ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Mai hoton ya fizgo ni ya dasa ni a tsakaninsu.

Hotonsu ke nan tilo. Har yau in na tuna muryar nan sai zuciyata ta tafasa. Wa ya aike shi?

Bayan rasuwar Baba, na tarar Inna ta sa reza ta yanke ni daga hoton, ta liƙe ɓangarorin biyu da ƙaro. Gwiwoyinsu sun haɗu. Hannayen dai har yanzu ba su kai ba.