Ajiyar Lawwali Mai Turi

Manhajar ajiya ta uku ke nan Lawwali yake gwadawa, ido har ya yi ja. Ta farko, wata guda ta yi ta ce kyautar ta ƙare. Ta biyu ta ishe shi da tambaya kamar alƙali. Ta ukun ce mai kunya: ka nuna mata abin da kake tsoron rasawa, da zarar ka soka filashi sai ta kwafe shi a kai, ba ta ce uffan ba. Ita ya zaɓa, don ya gaji.

Sana'arsa turi. A shekarun nan da man fetur ya yi daraja, har ɗan acaɓa ya riƙe waya mai memori, shi kuwa yana bin kasuwanni daga Ƙanƙara zuwa Faskari yana zuba wa mutane waƙoƙi. Kwamfutarsa ta tsufa, ramukanta duk sun mutu, saura ɗaya, da shi ake komai.

Abu guda ne ba ya turawa: kiɗan marigayi mahaifinsa, Mati, makaɗin noman Mabai. Kaset ɗaya aka taɓa ɗauka, ya juye shi a kwamfuta kafin zaren ya tsinke. Saboda shi yake wannan wahala.

Malam Audi, wanda ya yi noman gayya da gangar Mati yana saurayi, ya roƙa har bakinsa ya bushe.

"Ko baiti ɗaya, ɗana."

"Baba, wanga gado ne, ba na kasuwa ba."

Daga baya dattijon ya daina roƙo, in ya wuce ma har albarka yake sa masa. Lawwali ya ce tsufa ne. Masu saye suka dame shi da mita, wai memorinsu na saurin cika. Ya ce su daina sayen jabu.

Damina ta sauka. A hanyar Yargoje babur ya zame cikin rafi, jaka ta bi ruwa, kwamfuta da filashi duk suna ciki, don bai taɓa yarda ya raba su ba. Da aka tsamo jakar, mai gyara ya buɗe, ya duba, ya ce sai haƙuri.

Bai yi kuka ba. Ji ya yi an sake rufe mahaifinsa, kuma da hannunsa.

Ya tafi kasuwar Damari don ya sayar da sifikarsa. Yana zaune jugum sai ya ji ganga daga wayar mai rake. Can wajen mahauta ma ita ce: muryar Mati tana kiran manoma da sunayensu, har da tarin nan da ya yi a tsakiya.

Ya cafke hannun mai raken. "Wa ya ba ka wanga?"

"Kai mana. Kowa ya kai maka memori sai ya tarar da ita ciki. Mun zaci sadaka kake wa tsoho."

Ashe manhajar nan mai kunya ba ta taɓa tambayar filashi ko memorin wane ne aka soka ba.